A Fadamar Baffanka Ka Fara Shan Ta

Aliero,
cikin watan Sha'aban.

Zuwa ga ɗana na fari, a Jega ko duk inda takardar nan ta same shi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka da rai. Ban ce da lafiya ba, don na san ba ka da ita.

Ga labarin gida. Babanka yana nan, in ban da gwiwa da ke hana shi zuwa fadama wata rana. Ƙanwarka Dije ta sauka lafiya, an samu mace, an yi suna, kuma ta tambaye ka har sau nawa kafin ta koma ɗakinta. Baffanka Bawa lafiyarsa ƙalau, har ya ƙara ƙiba. Kaka ce ba ta da lafiya. Tun sanyin da ya wuce ba ta fita tsakar gida sai an riƙe ta, abinci kuma sai an yi da gaske. Duk wanda ya shiga gaishe ta sai ta ce masa angonta ya gudu ya bar ta da tuwo a wuta. Mutane suna dariya, ita ma tana yi, sai dai in sun fita tana juya fuska bango. Ni kuwa masu kallo sun ce lafiyata lau.

Da hannuna nake rubuta wannan. Tunda aka ba mu jiha aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a firamaren unguwarmu, da la'asar bayan yara sun tashi, na shiga da furfurata. Ba don in karanta allon mota na shiga ba. Da can in zan aika maka sai in sa a kira mai rubuta wasiƙa, in faɗa masa magana da zafinta, shi kuma ya zuba mata ruwa ya rubuta. In na ce a gaya maka raina ya ɓaci, sai ya rubuta kowa yana gaishe ka. Yanzu ba mai shiga tsakanina da takarda. In ka ga baƙi ya karkace, hannuna ne, ka karanta a haka.

Kuma ban liƙe ta ba. Na kwafe ta har yatsuna suka sage, na ba direbobin da ke ɗaukar albasa, na ce duk wanda ya iya karatu ya karanta a tasha, ya karanta wa wanda bai iya ba, har ta iso gare ka. An daɗe ana maganarka a gindin bishiya da bakin rijiya, ana rage murya in na doso. To ga tawa, a fili.

Abin da ake faɗa a garin nan shi ne, ɗan Kulu ya lalace, ya bi 'yan daudu, su kuma suka koya masa ƙwaya. Har cewa ake yi daudu da ƙwaya tare suke tafiya, ba a rabe su. Ƙarya ne. Ni na san hannun da ya fara miƙa maka ƙwaya, kuma ba lalle a hannun nan. Kaushin fartanya ne a jikinsa.

Ka san a ɗakin Kaka ka tashi, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Aka yaye ka aka miƙa mata, ni kuma aka ce in kawar da kai, kunya ce. A gindin murhunta ka girma. Tun ba ka kai tsayin turmi ba ka san lokacin da ake sa daddawa a miya. In an yanke lawashi bayan cirar albasa, kai ne mai dakawa da mata, kuma gabun da ka dunƙula ba ya fumfuna ko da damina ta ratsa shi. Muryarka siririya, tafiyarka a hankali, in ka yi dariya sai ka rufe baki da bayan hannu. Ba wanda ya koya maka. Haka na gan ka tun kana rarrafe, haka Kaka ta gan ka. Lokacin kowa yana cin girkinka yana santi, ba wanda ya ce komai.

Sai da gemu ya fara fito maka, sa'o'inka suka fara maganar aure, Bawa ya tsaya a tsakar gida ya ce, “Wanga yaro in ba a tashi tsaye ba, mace za ya zama. Ku ba ni shi rani guda.” Babanka ya sunkuyar da kai, don Bawa ne babba, kuma fadamar gandu a hannunsa take. Aka ba shi kai.

Ka fi ni sanin aikin albasa. Dashe a duƙe tun hantsi bai yi ba, ban ruwa fangali bayan fangali, ga cira, ga ɗaukar buhu zuwa bakin hanya. Ƙarti ma suna jin jiki, balle kai da ba ka saba ba. Kwanakin farko kana dawowa kana jan ƙafa, tafin hannunka duk ya fashe. Sai wata rana ka dawo idonka a bushe, kana ta surutu, ka ƙi abinci, ka ɗauki tsintsiya ka share gidan nan kaf ba wanda ya sa ka. Kaka ta ce angonta ya zama doki. Bawa yana zaure yana dariya, yana gaya wa mutane ya samo maganin abin.

Maganin shi ne 'yar ƙwayar nan da 'yan ƙwadago ke kira a-ji-garau. Masu fadama da yawa suna saye su raba wa leburorinsu tare da kunun safe, don kada su gaji, don a gama kafin ruwa ya janye. Kowa ya sani, ba a ɓoye ake yi ba. Kai kuwa Bawa ninka maka ya riƙa yi, wai naka ciwon biyu ne, ga lalaci ga mata-mata. Da bakinsa ya faɗa, a gaban babanka, yana alfahari.

A ranin nan ne Lawali ya zo ƙwadago daga Kimba. Dogo, mai yawan shiru, in ya zo karɓar abincin leburori sai ya tsuguna daga nesa ya gaishe ni. Na lura tun da ya zo ka daina jan ƙafa in za ka fadama. Na lura kana ɗebe masa ƙanzon tuwo, don ka ji ya ce yana so. Uwa ba ta buƙatar a gaya mata irin wannan. Na san abin da Lawali yake a wurinka. Na nemi sunan da zan kira abin da shi wanda ba zagi ba ne, ban samu a bakin mutanen garin nan ba, don haka zan bar shi ba suna. Ban ce na gane ba. Ban ce raina ya so ba. Na yi kuka a kai, na kai ƙara wurin Allah a kan sallaya, kuma har gobe abin da ke tsakaninka da Ubangijinka, shi ne mai hukunci, ba Bawa ba. Amma abin da idona ya gani zan faɗa. A duk fadamar nan mutum ɗaya ne ya taɓa karɓar buhu daga kanka ya ɗora a nasa.

Ran da Bawa ya same ku a inuwar rudu, inda ake jibge albasa, da rana tsaka, kan Lawali a cinyarka kana cire masa ƙaiƙayi daga gashi, bai tambayi komai ba. Ƙotar fartanya ya ɗauka. Lawali ya sha a baya ya tsere, kai ka tare da hannu. Har cikin gida aka jiyo ƙarar.

Garin nan da ake taƙama da shi wajen ɗori. Daga ko'ina ake kawo masu karaya a bayan mota, su kwana a zaurukan masu ɗori, su koma da ƙafafunsu. Aka kai ka can, mai ɗori ya tambayi yadda aka yi, Bawa ya ce daga kan lodin albasa ka faɗo. Mai ɗorin ya dubi hannun, ya dubi Bawa, ya jera karansa ya ɗaure. Na yafa mayafi zan bi ku, matan gida suka tare ƙofa. Wai ina aka taɓa ganin uwa ta bi ɗan fari, so nake a yi da ni a gari? Bawa ya karya maka hannu a gaban leburori ba a ce ya yi abin kunya ba. Ni da zan je in riƙe maka kai, ni ce marar kunya.

Ga zafin ƙashi, ga a-ji-garau da ta riga ta kore maka barci. Kana kwance kana nishi, kana hana gida sakat. Wa ya je wurin mai kemis ɗin bakin tasha ya sayo ƙwayar barci? Bawa. Ya jefa wa Kaka a cinya ya ce ta ba ka, mutane su huta. Tsohuwa ba ta san komai ba, ta ba ka da ruwa a moɗa tana yi maka addu'a. To ka ji. Ƙwayar tashi daga hannunsa ta fito, ta kwanciya ma daga hannunsa. Sa'ad da aka kwance karan ɗori, hannu ya haɗu, amma kai ba ka iya tashi sai da waccan, ba ka iya kwanciya sai da wannan.

Shi kuma mai kemis ɗin yana nan. Ya yi sabon shago na bulo, ya je Makka ya dawo, sahun gaba yake sallah. Ba likita ba ne, ba ya tambayar takardar asibiti, a ƙullin leda yake miƙawa kamar mai sayar da gyaɗa. In ya gan ni a hanya har cewa yake, “Kulu, sai haƙuri, yaran zamani.” Ranar nan na tsaya na dube shi har sai da ya kawar da kai. Ina fata wani ya karanta masa wannan wurin da ƙarfi, a gaban masu saye.

Kada ka ɗauka don na faɗi nasu zan tsallake naka. Da kai ma nake fushi, kuma naka ya fi ci mini rai.

Kai ka kwashe kwanonin jeren Dije daga ƙarƙashin gadona, waɗanda na yi shekaru ina tarawa ɗaya bayan ɗaya da kuɗin gabu da ƙuli. Kai ka kwance tunkiyar Kaka ka kai kasuwa, ka dawo ka taya ta nema har bayan gari, kana kiran tunkiyar da sunanta. Ta sani. Tun a ranar ta sani, ta ce kura ce, don kada Bawa ya ji. Tsohuwar da ta tauna abinci ta sa maka a baki, ka sa ta yi ƙarya da tsufanta. Wannan ba Bawa ba ne, kai ne. Da aka kore ka daga gida, ba don ƙwaya aka ce an kore ka ba, don Lawali aka ce, amma kai ka ba su sandar da suka kore ka da ita. Ka fita ba ka leƙa ɗakin Kaka ba.

Daga baya labari ya zo cewa kana Jega, kai da Lawali, wurin wani babban ɗan daudu mai sayar da abinci a tasha, wanda kuke kira Uwa. Na ji an ce shi ya ba ku ɗaki ran da ba wanda zai ba ku ko tabarma. Wannan na gode masa, Allah ya saka masa. Amma ka gaya masa ni ce uwar, kuma ina da magana da shi. An ce shi ma yana raba muku ƙwayar aiki don ku jure tsayuwa gaban kasko, in an tashi kuma kowa ya nemi ta barci, wanda bai samu ba ya shaƙi sholisho a tsumma. In haka ne, mene ne bambancinsa da Bawa? Wancan ya ba ka don ka zama namiji, wannan ya ba ka don ka soya masa kaji. Kowa da aikin da yake so jikinka ya yi masa. Na san za ka ce a cikinku akwai waɗanda ba sa sha, na yarda. Na san kuma za ka ce wanda ake jifa da zagi tun daga ƙofar ɗaki har bakin kasuwa, yara suna bin sa suna waƙa, manya masu manyan riguna suna tofar da yawu da rana alhali sun san hanyar ɗakinsa, dole ya nemi abin da zai kashe masa kunne. Wannan ma na yarda. Amma abin bai tsaya a kunne ba, kai yake kashewa gaba ɗaya.

Na gani da idona. Ba ka sani ba, amma na zo Jega da daminar da ta wuce. Na ce wa babanka zan je sayen atamfar goyon Dije, na bi motar kasuwa. Na yi ta tambaya har aka nuna mini rumfar. Kana tsaye gaban kasko, ka ɗaura zani a kan wando, wuyanka ya zama kamar na tulu, leɓɓanka sun yi baƙi. Mai yana fallatsa maka a hannun nan da aka ɗora, ba ka ko ji. Na tsaya a gabanka. Ka ɗago ka dube ni, ido cikin ido, ka ce, “Hajiya, ta nawa za a sa miki?”

Ba wasa kake yi ba. Na duba ko kunya ce ta sa ka ɓoye, ba ita ba ce. Ba kowa a cikin idon.

Na buɗe baki in kira ka, sai na ga ba ni da abin kira. Tun ran da aka raɗa maka suna ban taɓa furta shi ba. Wannan yaron nake cewa, ko ɗan Kaka, ko in yi gyaran murya ka juyo. Haka aka koya mini, haka uwata ta yi wa yayana, kuma ana yaba mini a kai, ana cewa Kulu akwai kara. A rumfar nan kuma na ji suna kiran ka da wani sunan mata da ban sani ba. Ga ni tsaye tsakiyar tasha, sunan da suka ba ka ba nawa ba ne, wanda muka ba ka kuma an ɗaure mini harshe a kansa. Wani ya ture ni ya miƙa kwanonsa. Lawali ne ya fito daga bayan rumfa ya gane ni, ya tsuguna kamar yadda ya saba, shi ma duk ya ƙare. Ya raka ni har mota. Da zan shiga ya ce, “Inna, ina kula da shi.” Wanda ke buƙatar a kula da shi ne yake faɗa mini haka.

Yanzu Lawali ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Uwarsa ce ta zo ta gaya mini, tun daga Kimba, ba mu taɓa haɗuwa ba. Ta yi sallama ta ce ita ce uwar Lawali, matan gida suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka shige ɗaki. Na shimfiɗa mata tabarmata. Ta ce ya haɗa ta barci da wani abin, ya kwanta bai tashi ba. Ta ce da aka kai gawar gida, mazan unguwa suka yi ta duban juna a kan wa zai yi wanka, sai wani tsoho ya tashi ya ce shi bai taɓa jin an hana musulmi ruwa ba. Waɗanda suka bi shi makabarta ba su cika sahu ba. Masu fadamar da ya yi wa ƙwadago shekara da shekaru, suna ba shi a-ji-garau da kunu, ko ɗaya bai taka ba. Ta ce kai ka rako gawar a bayan akori-kura, kana riƙe da ƙafafunsa, amma 'yan'uwansa suka hana ka sauka. Motar ta juya da kai.

Ta ce in gaya maka ba ta riƙe ka da komai ba. Ta kuma ce, “Ki nemi naki tun yana numfashi.” Muka zauna mu biyu har rana ta karkata, ba wadda ta leƙo ta ba ta ko ruwa sai ni.

Tun daga ranar direbobi suke cewa ba sa ganin ka a rumfa kullum. Wani ya ce ya gan ka zaune a ƙarƙashin gada, bakin gulbi. Wani ya ce a'a, kana kwance a ɗaki. Mai kula da kai ya tafi, kuma na san abin da kake haɗiya don kada ka tuna.

To ga dalilin takardar nan, ka buɗe kunne.

Masu sayen albasa da ke zuwa daga Jega sun fara yi wa Bawa ba'a a kan buhu, suna tambayarsa ina 'yarsa mai soya kaji. Abin ya ci masa rai. Ya rantse a zaure cewa da zarar an gama cira an ɗaure buhuna, kafin a ga watan azumi, zai ɗauki ƙarti da igiya su je Jega su kamo ka. Ya riga ya yi magana da wani malami mai gidan mari a wani ƙauye can ciki, inda ake sa wa mutum sasari a ƙafa, a yi ta dukansa safe da yamma har abin da ke kansa ya fita. Ya ce can za a cire maka ƙwaya da daudu a lokaci guda. Babanka yana wurin, ya ƙara muryar rediyonsa.

Na tambayi malamarmu ta aji, don mijinta ma'aikacin asibiti ne, ta tambayo mini. Ya ce wanda ya daɗe yana shan ta barci, in aka yanke masa rana ɗaya, jijjiga tana iya kama shi har ya mutu, sai dai a riƙa rage masa a hankali a gaban likita. Na gaya wa Bawa haka ta bakin babanka. Ya aiko a ce mini tun yaushe mata suka fara karatun likita, da ya sani da bai bari an buɗe mini littafi ba. Mutumin da ya yi maka magani sau biyu, ga inda maganinsa ya kai ka, shi ne zai yi na uku. In ya sa maka sasari, gawarka za a kwance.

Don haka ka tashi ka tafi Maiyama, wurin yayata Tumba. Ka san gidan, bayan masallacin Juma'a, mai bishiyar darbejiya a ƙofa. Na je da kaina na gaya mata komai, ban rage ko Lawali ba. Ta yi kuka, sannan ta ce ɗan Kulu ɗanta ne, ta share ɗakin da take ajiye hatsi. Ba ta ce sai ka sauya tafiya ko murya kafin ka shigo ba. Abu ɗaya ta ce, kada ka taɓa mata kaya, kuma na ce mata in ka taɓa ni zan biya da hannuna. Mijinta zai kai ka asibitin gwamnati a Birnin Kebbi, yanzu ba sai an je Sakkwato ba. Ni ma zan zo in zauna da kai, duk wadda ta ga dama ta tare ƙofa ta gani.

Za ka ce ai na tona asiri, tunda takarda a buɗe take, Bawa zai ji inda za ka. Ya ji mana. Mijin Tumba tsohon soja ne, kuma tun wata rigimar awon albasa da suka yi, Bawa in ya hango shi a kasuwa sai ya tuna yana da uzuri a wani layin. Ya je Maiyama da igiyarsa in ya isa.

Ba na yi maka alkawarin garin nan zai sauya. Ba zai sauya ba. Za su ci gaba da faɗar abin da suke faɗa, su ci gaba da raba ƙwaya da kunu in rani ya zo. Ban kuma ce na san yadda rayuwar irinka za ta kasance ba, ni ma tambayar nake yi. Abin da na sani, Kaka ba za ta ga wata damina ba sai wani ikon Allah, kuma ba na so in zauna a tabarmar wata kamar yadda uwar Lawali ta zauna a tawa. Ka rayu tukuna. Sauran mu yi ta faɗa a kai ni da kai har tsufanka, na yarda.

Na sa maka dunƙulen gabu a hannun direban da ya fi sanin rumfarku. Ni na daka, bai kai naka ba, Kaka ta ɗanɗana ta ce gishiri ya yi yawa.

Allah ya tsare mini kai. Allah ya cire maka son abin nan daga jini, ya ba ka barci irin na mutane. Allah ya jiƙan Lawali, ya ba uwarsa haƙuri. Waɗanda suka ba ka da hannunsu sannan suka juya suna nuna ka da yatsa, na bar su da Allah, shi ya ga fadama, ya ga zaure, ya ga shagon bakin tasha.

Ka ba ni amsa kafin a ga watan azumi. An fara cira a fadamun gabas, ta Bawa ba za ta daɗe ba. In hannunka ba zai iya dogon rubutu ba, ka juya bayan takardar nan ka rubuta sunanka kawai, ka ba kowane direban albasa, duk sun san gidan. In na ga sunan, na san ka kama hanyar Maiyama, ni ma in ɗaura zani.

Ran da malama ta ce kowace ta faɗi kalmar da take so a fara koya mata, wasu suka ce sunan miji, wasu suka ce nasu. Ni na matsa kusa da ita na ce sunan ɗana na fari, amma sai da na sa maƙwabciyata ta faɗa mata, mata suna ta dariya. Na cika littafi guda da shi ban furta ba. Jiya na shiga ɗakin Kaka na karanta mata takardar nan tun daga sama, da na iso nan na faɗe shi da ƙarfi, har matan tsakar gida suka daina daka.

Almustafa. Almu. Ka ji na kira ka.

Ni ce mahaifiyarka,
Kulu.